Firintarmu tana kunne amma kwamfuta ta ce "Offline"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani ƙaramin ofis, mu shida muke amfani da firinta ɗaya. Wanda ya haɗa mana ita ya bar aiki. Da can kowa na buga takarda daga teburinsa lafiya lau. Yanzu kusan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfutocinmu su nuna "Offline", alhali ga firintar a kunne, fitilarta kore shar. Sau uku ina goge ta ina sake sa ta, ta yi kwana biyu ta koma gidan jiya. Ko dai ta lalace ne mu nemi sabuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ku sayi sabuwa, firintarku lafiyarta ƙalau. Ƙaura take yi, kwamfutocin kuma suna ta sallama a tsohon gida.

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwar ofis tana da lamba, wato adireshin IP, kamar 192.168.1.25. Rauta, wato akwatin da ke haɗa na'urorin ofis da juna da kuma intanet, ita ce ke raba lambobin ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Idan wuta ta dawo komai ya tashi lokaci guda, firintar da take 25 jiya tana iya samun 31 yau. Shi ya sa sake sa ta da kike yi yake aiki na ɗan lokaci: kin nuna wa kwamfutar sabon gidan ne kawai, kafin a sake tashi.

Ki tabbatar da idonki tukuna. A allon firintar akwai inda za ki sa ta buga shafin bayanan sadarwarta. Ki duba layin "IPv4 Address". Sannan a kwamfuta ki shiga "Printer properties", ki taɓa "Ports", sai "Configure Port". Idan lambobin biyu sun sha bamban, an kama ɓarawo. Idan kuwa ta jikin takardar ta fara da 169.254, to firintar ta riga rauta farkawa, ba ta samu mai ba ta lamba ba sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ki kashe ta, ki jira rautar ta gama tashi, ki kunna.

Maganin dindindin shi ne a tsayar mata da lamba guda. A wannan takardar za ki ga adireshin MAC, wato lambar shaidar firintar ta asali, haruffa da lambobi 12, wanda shi ba ya sauyawa. Ki shiga shafin saitin rautar daga kwamfuta, ki nemo "DHCP Reservation" ko "Address Reservation", ki ɗaure MAC ɗin da lambar da kika zaɓa. Wasu sun fi son su rubuta lambar a jikin firintar kai tsaye. Yana yi, amma ni na fi yarda da rauta, don na taɓa ƙonewa. Na tsayar wa wata firinta da 25 ban lura lambar tana cikin waɗanda rauta ke rabawa ba. Ran nan wayar wani baƙo ta samu 25 ɗin, aiki ya tsaya cik, na wuni ina zargin kebul.

Bayan haka ki bi kwamfutocin shida ɗaya bayan ɗaya, ki ƙara firintar ta hanyar rubuta lambar da hannu, a "Standard TCP/IP Port", ki bar shi a "Raw" mai lamba 9100. Idan kin ga sunan tashar, wato wadda aka zaɓa a "Ports", ya fara da WSD, Windows ce ta zaɓa da kanta, kuma a ganina irin wannan tashar ce ta fi yawan jawo wannan ciwon kan. Har yanzu tana cewa "Offline" alhali lamba ta yi daidai? A wannan shafin na "Configure Port" ki cire alamar da ke kan "SNMP Status Enabled".

Tsofaffin takardun da suka maƙale a layi su ma suna tare hanya. Ki rubuta services.msc a wurin binciken Windows ki buɗe shi, ki tsayar da "Print Spooler", wato mai kula da layin takardun, ki share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ki sake tayar da shi.

Ba ki faɗa mini ko da kebul kuka haɗa ta ko da Wi-Fi ba. In tana da ramin kebul, ku sa mata, hankalinku zai fi kwanciya. In kuma Wi-Fi ne dole, firintoci da yawa nau'in Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma kada ku ɗora ta kan layin baƙi na rautar, domin galibi an katange shi daga ganin sauran na'urorin ofis.

Idan kin gama, ki rubuta lambar a 'yar takarda ki manna a gefen firintar, tunda wanda ya haɗa muku tun farko ya tafi da tasa a ka.