Gonar kokon da mai ita bai taɓa takawa ba

Wani Alhaji mai sana'ar hatsi a kasuwar Sabon Gari ya rubuto cewa a 2024, da ya ji farashin koko ya haura dala 10,000 kan kowane tan, ya tura wa ƙanensa da ke Ondo naira miliyan 6 ya saya masa gona. Yanzu amfani ya ragu, rassa sun kumbura, jijiyoyin sabon ganye sun yi ja, ƙanen kuma yana neman kuɗin feshi. Yana tambaya ko ya tura.

Alhaji, kada ka tura ko sisi tukuna. Alamun da ka lissafa sun yi kama da cutar kumburin reshe, wadda wasu ƙananan ƙwari masu farin gari a jiki suke ɗauka daga wannan bishiya zuwa waccan idan suna tsotson ruwanta. Feshi yana rage ƙwarin, amma ba ya fitar da cutar daga bishiyar da ta riga ta kamu, kuma nau'i mai tsanani yakan kashe ta cikin 'yan shekaru. A Ghana aka fara gano ta a 1936, kuma har yau abin da suke yi shi ne sare bishiyar da ta kamu tare da na kewayenta, a dasa sababbi. Miliyoyin bishiyoyi suka sare.

Sai dai cutar ba ita ce kuskurenka ba. Kai da ba ka sayen buhun masara sai ka soka masa ƙarfe ka ga ƙwaya, yaya aka yi ka yi cinikin biri a sama? Ban ce ƙanenka ya cuce ka ba. Tireda yake yi, bai san koko ba, kuma manomin da ya rabu da gonarsa da araha a shekarar da koko ya fi tsada ya ga abin da ku ba ku gani ba. Na san wani ɗan kasuwa a Tudun Wada da ya yi damina uku yana aika kuɗin magani saboda kunyar ya tuhumi surukinsa. Ranar da ya je, rabin gonar itacen girki ne.

Ka hau mota da kanka. Ka nemi ma'aikacin gona na jihar, ko masanan cibiyar binciken koko ta Ibadan, su bi gonar layi-layi a ƙirga masu lafiya da marasa lafiya a rubuce. Idan ɓangare ɗaya ne, ka sare, ka dasa, ka san cewa sabon dashe sai ya kai shekara 3 zuwa 5 kafin ya ba ka wani abin kirki, kuma daga aljihunka za a ciyar da gonar a tsawon lokacin. Idan ta bazu har gonakin maƙwabta, ka bar zancen koko a filin nan, ka duba ko zai yi rogo ko kwakwar manja. Kuɗin feshin kuwa ka sayi waken soya da shi lokacin kaka, tunda shi ka san inda ake auna shi.