Tambaya da Amsa: Sakkwato ko Maiduguri, ina ya fi dacewa in kai iyalina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin wani kamfanin rarraba magunguna ne a Jos, inda aka haife ni kuma na girma. An yi mini ƙarin girma, aka ce in zaɓi ofishinmu na Sakkwato ko na Maiduguri. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga kuma mahaifiyata mai fama da hawan jini wadda take tare da mu. Babban abin da ke damuna shi ne zafi, domin kowa na tambaya sai ya ce garin da bai zauna ba shi ne ya fi zafi. Wanne ne zai fi mana sauƙin zama? Daga wani mai karatu, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a wannan ƙarin girma, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya.

Idan zafi ne kaɗai ma'auninka, to ba za ka taɓa yanke shawara ba, domin garuruwan biyu kusan kunnen doki suke. Jos tana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, su kuwa Sakkwato da Maiduguri duka suna wajen mita 300 ne a bakin Sahel, kuma a watannin Maris, Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 ko ya haura a kowannensu. Damina a garuruwan biyu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara bai fi rabin wanda ka saba gani a Jos ba. Hunturu ma yana zuwa musu da ƙura da sanyin asuba iri ɗaya. Ɗan bambancin da ido ke gani shi ne inuwa: manyan titunan Maiduguri, musamman na tsofaffin unguwanni, sun daɗe da layukan itatuwan darbejiya, abin da ke sa tafiya da rana ta fi daɗi a can. Amma bazara ba a titi ake jin azabarta ba, a ɗaki ake ji da dare, lokacin da bango da kwanon rufi ke sakin zafin da suka sha tun safe. Don haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, a wane gari ne albashinka zai iya samar maka gidan da ke da ruwa da wuta da iska.

Ta fuskar wutar lantarki, Maiduguri ta sha wahalar da ba kowane gari ya sha ba. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu, garin ya shafe watanni masu yawa cikin duhu, kuma wannan ne ya sa aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 wadda aka buɗe a 2023. Sakkwato ba ta fuskanci irin wannan yankewa ba, amma tana can ƙarshen layin da ya biyo ta Birnin Kebbi, kuma a bazara, daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wutar takan yi ƙaranci. A duk inda ka zaɓa, ka sa kuɗin sola da baturi a cikin lissafin tashi, aƙalla wanda zai riƙe fanka biyu da firji har gari ya waye, domin mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari tana iya galabaita da sauri idan jiki ya rasa ruwa. Yana da kyau likitanta ya sake duba magungunanta kafin ku tashi. Asibiti kam ba zai zama abin damuwa ba, tunda kowane gari yana da asibitin koyarwa na jami'arsa, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Maiduguri sa'o'in juna ne, duka a 1975 aka kafa su.

Ruwa kuwa yana da fuska biyu. Sakkwato ta dogara da kogin Rima da madatsar Goronyo, kuma a unguwanni da dama 'yan garuwa ne ke cike giɓin famfo, farashin jarka yana tashi da tashin zafi. Maiduguri tana sha daga madatsar Alau da rijiyoyin burtsatse, amma wannan madatsar ce ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya bi kogin Ngadda ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno har da asibitin koyarwa, shekara 30 bayan irin wannan ambaliya ta 1994. Sakkwato ma ta ga tata a 2010, lokacin da Rima ya cika ya yanke hanyar zuwa jami'a, sai dai mafi yawan garin yana kan tudu. Kada ka biya kuɗin haya a ko'ina sai ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, inda ruwa ya tsaya a daminar da ta wuce da kuma inda suke samun na sha a watan Afrilu.

Maganar tsaro ita ce ba ka ambata ba, alhali aikinka na hanya ne. Cikin garin Maiduguri ya samu sauƙi sosai idan aka kwatanta da shekarun rikicin Boko Haram da suka biyo bayan 2009, kasuwanni sun cika, keke mai ƙafa uku ya maye gurbin babura da aka haramta tun 2011. Hanyarka ta zuwa gida za ta bi Damaturu da Potiskum da Bauchi, kuma tsakanin Maiduguri da Damaturu ba a wasa da lokaci, kamar yadda harin da aka kai wa matafiyan da dare ya riska a garin Auno da ke kan wannan hanya a Fabrairun 2020 ya nuna. Cikin garin Sakkwato ya daɗe da kwanciyar hankali, amma gabashin jihar, wato Isa da Sabon Birni da kewayensu, yana fama da 'yan bindiga, kuma hanyar Gusau zuwa Funtua wadda za ka bi zuwa Zariya da Jos ta yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane. Ka nemi kamfanin ya faɗa maka a rubuce ƙananan hukumomin da za a riƙa aika ka, tun kafin ka sa hannu.

Maiduguri ta fi girma da cakuɗuwar jama'a, akwai Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa, ga cinikin kifin tafkin Chadi da fatake daga Chadi da Kamaru, wanda ya tashi a Jos ba zai ji baƙunta a irin wannan haɗuwa ba. Sai dai kwararowar 'yan gudun hijira da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ta ɗaga kuɗin hayar gidaje masu kyau. Sakkwato ta fi natsuwa, Hausa ake yi ko'ina, ko da yake kunnen yaranka zai ɗauki 'yan makonni kafin ya saba da Sakkwatanci, ga albasa da shinkafar fadama da nama a kusa.

Da ni ne a matsayinka, da tsohuwa da ƙananan yara a hannu, Sakkwato zan zaɓa, saboda abin da za ka rage a kuɗin haya shi ne zai saya maka sola da tankin ruwa, kuma idan tafiya gida ta zama dole akwai jirgin sama zuwa Abuja. Ka fara zuwa kai kaɗai, ka nemi gida mai silin da dogon rufi da tagogi masu fuskantar juna da itace a tsakar gida, ka tabbatar an yi wa yara rigakafin sanƙarau, wanda ke yaɗuwa a wannan yanki da rani, sannan ka kawo Hajiya da iyali bayan ruwan farko ya sauka, domin jikinsu ya samu watannin damina da hunturu ya saba kafin bazara ta gaba.