Amsar murya: Kafin ka ci bashi ka sauya waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari tambayarka. Ka ce wayarka ta shekara uku, ba ta riƙe caji, tana nauyi, kuma abokanka duk sun sauya, suna maka tsiya wai kana yawo da tsohon yayi, shi ne kake tunanin karɓar sabuwa a biya kaɗan-kaɗan. To ka dakata tukuna, mu fara duba abin da ke damun wadda ke hannunka.

Batir shi ne na farko. Batirin waya yana da adadin cajin da yake ɗauka kafin ya gaji. Kamfanin Apple da kansa ya ce daga iPhone 14 zuwa ƙasa, bayan cikakken caji sau 500 batirin zai koma kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai caji kullum, shekara ɗaya da rabi ya kai nan. In iPhone ce, ka shiga saiti, ka taɓa batir, ka ga lafiyarsa. In ta yi ƙasa da 80, batir za ka sauya. Kuma gajiyar batir tana sa waya nauyi. A 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyi masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya, har Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da mutane ba. Mutum nawa suka sayi sabuwar waya alhali batir kawai suke buƙata?

In za ka sauya, ka je wurin mai gyaran da ka yarda da shi, in a Kano kake ga Farm Centre nan. Ka tsaya a buɗe wayar a gabanka, ka karɓi tsohon batirinka, ka nemi ya ba ka lamunin kwanaki. In ka ga bayan wayar ya ɗago ko gilashi ya fara rabuwa da jiki, batir ne ya kumbura. Kada ka sake jona ta a caji, kada ka matsa ta, yana iya kama wuta.

Abin da ke kashe batir a wajenmu zafi ne. Sama da digiri 35 yana yi masa lahanin da ba ya gyaruwa, mu kuwa a bazara muna wuce 40. Saboda haka ban da caji a ƙarƙashin matashi, ban da ajiye ta a gaban mota cikin rana, ban da kallon bidiyo tana jone. Ka riƙa jonawa in ta sauko 20, ka cire wajen 80 ko 90. Caja mai arhar nan ta bakin titi ma a bar ta, musamman a kan janareto.

Sai nauyi. Yawanci wayar ce ta cika, kuma WhatsApp ne ke cika ta, irin wannan zauren namu da ake turo bidiyo ɗaya sau biyar. Ka shiga saitin WhatsApp, wurin ajiya da data, ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, sannan ka goge manyan fayiloli, zai jero maka waɗanda suka wuce mega 5. Ka bar wa wayar aƙalla giga biyar zuwa goma a sake. In har yanzu tana nauyi, ka kwashe kayanka, ka tabbatar kana tuna lambar sirrin Gmail ɗinka, ko ta iCloud in iPhone ce, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wanda ya manta lambar sirrin nan, wayar tana iya kulle shi a waje. In kuma caji ne ba ya shiga sai ka karkata igiya, ƙurar aljihu ce ta danƙare a bakin. Ka kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace a hankali. Ban da allura.

Yaushe sauyawa ta zama dole? In injin ciki ya lalace kuma kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin wata irinta. Ko manhajar bankinka da WhatsApp sun daina hawa saboda tsufan tsarin wayar. Ko sana'arka ce ta ɗaukar hoto da bidiyo, wayar ita ce jarinka. Tsiyar abokai ba ta cikin lissafin.

Su kamfanonin nan duk shekara sai sun fitar da sabuwa, iPhone kusan kowane Satumba, Samsung farkon shekara. Wanda ya ce sai ya bi yayi, ba ranar da zai kamo shi. Kallon kitse ake yi wa rogo, bambancin ta bana da ta bara sau da yawa kyamara ce da launi. Samsung ɗin da kansa ya yi wa wayarsa S24 alƙawarin sabunta manhajarta na shekara bakwai tun 2024, wato shi ma ya san wayar za ta kai.

Batun bashin kuwa, kafin ka sa hannu ka ɗauki biro. Kuɗin da za ka fara ajiyewa, haɗa da na kowane wata sau yawan watannin, ka cire farashin wayar na kuɗi hannu. Abin da ya rage shi ne ladan gaggawarka. Ka kuma tambaye su me zai faru in ka makara, domin yawancin wayoyin bashi akwai manhajar da ke kulle su daga nesa, ranar da ba ka da kuɗi ranar za ka rasa waya. Ka turo min sunan wayar da girman ajiyarta da abin da lafiyar batirin ta nuna, sai in gaya maka wane za ka fara gyarawa. Wassalam.