Ko ya dace mu saka babban jirgin jefa bama-bamai a manhajarmu ta tuƙin jirgin yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu 'yan ƙaramin rukuni ne da ke gina manhajar kwaikwayon tuƙin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a kwamfuta. Muna da ƙananan jiragen farauta na Jamus da na Amurka, taswirarmu kuma ta arewacin Faransa ce. Masu wasa sun matsa mana mu ƙara babban jirgin jefa bama-bamai, B-17 na Amurka ko Lancaster na Birtaniya. Mu yi, ko kuwa ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku saka shi, amma ku fara da wanda kwamfuta ke tuƙawa, ku bar wanda ɗan wasa zai shiga ya zauna a ciki sai gaba. Waɗannan ayyuka biyu ne daban, kuma yawancin masu matsa muku ba su rarrabe su ba.

Dalilin saka shi a fili yake. Jiragen farautar da kuke da su, a sararin yammacin Turai daga 1943, yawancin aikinsu a kan manyan jiragen nan yake. Fw 190 da Bf 109 na Jamus suna tashi ne su tare su, P-47 da P-51 na Amurka kuma suna raka su ne su kare su. In babu ayarin B-17 a sama, ɗan wasanku sai ya yi ta kewaye da abokin gaba a ƙasa-ƙasa ba tare da wata manufa ba. Da zarar ayarin ya bayyana, faɗan zai hau zuwa tsayin mita 7,000 ko fiye, inda inji ke canza hali, iska ta yi siriri, jirgi ya yi nauyin juyawa. Mai tuƙa jirgin Jamus zai gane da kansa dalilin da ya sa matuƙansu suka koma kai hari ta gaba, ido da ido, har Amurkawa suka ƙara wa samfurin B-17G bindigogi biyu a ƙarƙashin hanci. Mai tuƙa P-51 kuma zai ɗanɗana ɗacin zaɓi tsakanin bin abokin gaba da tsayawa kusa da waɗanda aka ba shi amana. Wannan riba ce babba, kuma ba ta buƙatar ku zana ko da maɓalli ɗaya na cikin jirgin. Haka manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta DCS World ta yi da nata B-17G: kwamfuta ce ke tuƙa shi.

Ko wannan ma yana da wahalarsa. B-17G na ɗauke da bindigogi 13, kuma rukuni ɗaya a tsarin jerin gwanon da suke kira akwati yakan kai jirage 18 ko fiye. Bindigogi sama da 200 ke nan da kwamfuta za ta riƙa lissafa wa saiti da harsashi a lokaci guda. Nan ne nake roƙonku ku zuba ƙoƙarinku. In masu harbin kwamfuta ba sa kuskure, ba mai iya kusantar ayarin, tarihi kuwa ya nuna akasin haka: ranar 14 ga Oktoba 1943, cikin jirage 291 da aka tura birnin Schweinfurt na Jamus, 60 ba su dawo ba, domin jiragen rakiya ba su iya kai su har can. Mai harbi na gaskiya yana cikin sanyi mai kai digiri 40 ƙasa da sifili, da abin shaƙar iska a fuska, yana harbin abin da ke wuce shi cikin daƙiƙa biyu. Ku sa wannan rauni a lissafinku. Ku kuma kula da yadda jirgin ke lalacewa: inji ɗaya ya kama wuta, ya fara ja da baya daga ayari, ya zama shi kaɗai. Rabin labarin yaƙin nan ke nan.

Jirgin da ɗan wasa zai tuƙa kuwa wata magana ce. Mutum goma ne a cikin B-17: matuƙi da mataimakinsa, mai duba hanya, mai sakin bam, injiniya, mai rediyo, da masu harbi huɗu. Kowane mazauni sai an zana shi, sai ya yi aiki. Ga inji huɗu, kowanne da nasa ma'aunai, ga na'urar saitin bam ta Norden wadda ke karɓar tuƙin jirgin a 'yan mintocin ƙarshe kafin sakin bam. Aikin ya kai na ƙananan jirage da yawa. Sannan ga nisa: daga gabashin Ingila zuwa Berlin kusan kilomita 900 ne, tafiya da dawowa na cin sa'a takwas ko fiye, haɗuwar ayari kaɗai a saman Ingila na cin sa'a guda. Taswirarku ba za ta ɗauka ba, kuma masu wasan da za su zauna tsawon haka kaɗan ne, ko da yake ina girmama su ƙwarai.

Akwai ƙofa ɗaya da arewacin Faransa ta buɗe muku. A lokacin yaƙin Normandy, a can arewacin Faransa, an tura manyan jiragen nan kan sansanonin Jamus da ke bakin daga, kamar ranar 25 ga Yuli 1944 kusa da garin Saint-Lô, inda wasu bama-baman suka faɗa kan sojojin Amurka har Laftanar Janar Lesley McNair ya rasu. Irin wannan gajeren aiki zai shiga taswirarku, in wata rana kun yanke shawarar buɗe jirgin ga ɗan wasa.

Tsakanin biyun da kuka ambata, ku ɗauki B-17. Lancaster jirgi ne mai ban sha'awa, mutum bakwai da injin Merlin huɗu, shi ne ma ya ɗauki bam ɗin Grand Slam mai kusan tan 10. Sai dai yawancin aikinsa da dare ne, kuma dare na buƙatar na'urorin rada, fitilun haska sama, da jiragen farautar dare irin su Bf 110, waɗanda duk ba ku da su tukuna.