Tambayoyin Fasaha: An Jirkita Tarihin Kakanmu a Intanet, Yaya Zan Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakan mahaifina bafataken goro ne, ya bar ƙasar Kano zamanin Turawa ya zauna a zangon Kumasi. Na shiga FamilySearch na tarar wani ya sa "Kano" a matsayin sunan mahaifinsa, ya rubuta 1919 a shekarar rasuwa, ya kuma jingina masa 'ya'yan da ba mu san su ba. Mu kuwa takardar ajami da ke gida ta ce 1340 ya rasu. In goge in sake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata da gogewa tukuna. FamilySearch shafin binciken salsala ne na kyauta, wata coci mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka ce ke gudanar da shi, kuma salsalar da ke cikinsa guda ɗaya ce ta kowa da kowa. Duk mai rajista yana iya taɓa bayanin mamaci. In ka goge ba hujja, gobe wancan zai mayar da nasa, ku yi ta ja-in-ja.

Mu fara da shekarar, don ina zaton na gano inda aka yi tuntuɓe. A 'yan shekarun nan tazarar Hijira da Miladiyya 578 ce ko 579. Ɗora 579 a kan 1340, za ka ga 1919 ta fito cif. Amma shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka tazarar tana raguwa da shekara guda kusan kowace shekara 33. Shekarar 1340 ta kama ne a Satumban 1921, ta ƙare a Agustan 1922. In babu manhajar sauya kalanda a wayarka, ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Idan takardarku ba ta ambaci wata ba, rubuta "1921 ko 1922", kada ka zaɓi ɗaya da ka.

Batun "Kano" kuma tsohon abu ne. Akawun Turawa, musamman na soja da 'yan sanda, kan rubuta baƙo da sunan garinsu ko ƙabilarsu: Musa Kano, Garba Sokoto, wane Grunshi. A zango ɗaya ana iya samun Musa Kano fiye da ɗaya. Mai yiwuwa 'ya'yan nan na wani takwaransa ne da aka haɗe su wuri guda.

Ga yadda za ka yi. A shafin mamacin akwai wurin da ke jero sauye-sauyen da aka yi masa, da wanda ya yi, da ranar. Duba ko an haɗe mutum biyu, domin ana iya dawo da wanda aka haɗiye. Ka ɗora hoton takardar ajamin a matsayin hujja, sannan ka gyara shekarar, ka cike akwatin da ke tambayar dalili. Mutane na tsallake akwatin nan, alhali shi ne ke hana na bayanka rushe aikinka. Sai ka aika wa mutumin saƙo cikin mutunci. Watakila jikan ɗakin Kumasi ne da ba ku san juna ba, kuma yana riƙe da takardar da ku ba ku da ita. Ka kuma danna alamar bibiya don a sanar da kai in an sake taɓawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ka raba abin da takarda ta faɗa da abin da dattawa suka faɗa, kowanne da sunan madogararsa. Labarin gwaggo hujja ne mai daraja, amma a rubuta shi da cewa daga bakinta ne. Ancestry, wani shafin salsalar, daban yake: can kowa da tasa salsalar, ba ka da ikon gyara ta wani, sai dai ka yi masa magana. Shi ya sa kuskure ɗaya kan bazu a salsaloli da yawa, kowa na kwafa daga ɗan'uwansa.

Tambaya: Malam, na rubuta sunan kakana a Google ban ga komai ba. Ina ake samun takardun zamanin mulkin mallaka?

Amsa: Hajiya, akasarinsu ba su hau intanet ba, kuma sunan da kika sani ba lalle shi Bature ya rubuta ba. Mamman kan koma Mama ko Mahama, Garba ya koma Gariba, Salihu ya koma Salifu, Kumasi kanta Coomassie ce a tsofaffin takardu, Hausa kuma Houssa ko Haussa. A shafukan bincike irin su FamilySearch, yi amfani da alamar tauraro, misali Gar*ba, ta kamo miki rubutu iri-iri.

Gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew yana da kundin bincike mai suna Discovery. Wasiƙun Gold Coast (Ghana ta yanzu) suna jerin CO 96, na Arewacin Nijeriya CO 446, katunan lambar yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma WO 372. Amma talaka bafatake ya fi fitowa a takardun kotu da na haraji da na filaye, waɗanda ke gida: PRAAD, hukumar adana takardu ta Ghana, a Accra da Kumasi da Tamale, gidan adana takardu na ƙasa reshen Kaduna, da Arewa House. Shirin EAP na Laburaren Birtaniya, na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda aka fara a 2004, ya ɗora hotunan tsofaffin takardun Afirka ta Yamma masu yawa kyauta. Idan danginku sun dawo ne bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Ghana a ƙarshen 1969, tambayi tsofaffi ko akwai fasfo ko takardar tafiya a ƙasan adaka.

Tambaya: Zan iya ba ƙirƙirarriyar basira hoton kakana da wasiƙarsa ta gyara ta kuma karanta?

Amsa: Don Allah a yi hattara. Manhajojin gyaran hoto suna ƙirƙiro ido da hancin da ba na mutumin ba, su kuma manhajojin hira sukan cike gurbin da suka kasa karantawa da suna ko shekara ta ƙarya. Transkribus, manhajar karanta tsofaffin takardu, yana taimakawa a rubutun hannu na Turanci, amma ajami a kai wa malamin da ya saba da warash. Ka ɗauki hoton a hasken rana cikin inuwa, ba filasha, gaba da baya, ka ajiye na asali ba gyara. A WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ɗigon haruffa su dushe. Kada a yi wa takardar laminatin, zafin na lalata ta. Salsalar kuma ka ajiye kwafinta a kwamfuta cikin tsarin fayil na salsala mai suna GEDCOM; Gramps manhaja ce ta kyauta da ke buɗe shi ba tare da intanet ba.