Na tika akwati, amma makro ta ƙi sauya aiki

Tambaya: Malam, ni ma'ajin wata makaranta ne a Zariya. Na sa ɗan akwatin tik a Excel, ina so idan na tika, makro (jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa) ta ɓoye sunayen ɗaliban da suka biya kuɗin makaranta, idan na cire tik ɗin ta dawo da su. Na rubuta If .Value = True, amma kullum aiki ɗaya take yi.

Amsa: Ma'aji, ka kwafo lambar daga intanet ba ka duba irin akwatin da ke gabanka ba, ko? Wannan abu yana damuna ƙwarai. A shafin Developer akwatuna iri biyu ne, na Form Controls da na ActiveX. Na ActiveX ne ke ba da True ko False. Na Form Controls, wanda galibi ake ɗauka, 1 yake bayarwa idan an tika, idan an cire kuma -4146, wato xlOn da xlOff. A VBA kuwa, wato harshen da ake rubuta makro da shi, True daidai yake da -1. To ta yaya 1 zai zama -1? Sharaɗinka ba ya taɓa cika, shi ya sa makro take faɗawa Else kullum. Ka mayar da shi If .Value = xlOn.

Amma ni ba na son wannan hanya ma. Danna akwatin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, shiga Format Control, ka ɗaure shi da wani gurbi ta Cell link, a ce B1. Sai makro ta duba B1, inda TRUE ko FALSE ke bayyana ƙarara. Da idonka za ka ga abin da take gani, kuma ko an sauya wa akwatin suna ba abin da zai rushe. Sannan don Allah ka ajiye kwafin fayil kafin gwaji, domin Ctrl+Z ba ya dawo da abin da makro ta goge, kuma kuɗin iyayen yara kake lissafawa.

Tambaya: Na rubuta makro, na rufe fayil, da safe babu ita.

Amsa: A .xlsx ka ajiye, bayan Excel ya gargaɗe ka ka danna Yes ba ka karanta ba. Sake rubutawa, ka ajiye a .xlsm.

Tambaya: A wayata ta Android ina tika akwatin, shiru.

Amsa: Hajiya, VBA ba ya aiki a Excel na waya. Koma Google Sheets, ki rubuta onEdit (lambar da ke tashi duk lokacin da aka sauya gurbi) a Apps Script, wato wurin rubuta lamba na Sheets, daga kwamfuta, ki duba ko e.value, abin da ke cikin gurbin da aka sauya, ya zama "TRUE". Daga nan tik ɗin waya ma zai tayar da ita.