An ce a rage masa shekara huɗu, wai gasar jiha ba ta kai kowa ko'ina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garin Malam nake rubuto maka. Ɗan ƙanwata a hannuna ya tashi tun rasuwar mahaifinsa. Shekararsa 19, ɗan wasan tsakiya ne, kuma wannan ce shekararsa ta uku da lasisi, wato katin rajistar ɗan wasa, a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta gasar jihar Damagaram. Ba albashi, sai ɗan abin da shugaban ƙungiya ya miƙa in an ci wasa. Wani mutum ya gan shi a gasar babban hutu, ya ce zaman gasar jiha ɓata ƙuruciya ne, a yi masa sabuwar takardar haihuwa a mai da shi ɗan 15, shi kuma zai kai shi makarantar ƙwallo a ƙasar waje. Jaka 400 yake nema. Uwar yaron har ta fara zancen sayar da filin gadonsu. Ni barci ya gagare ni. Shin gasar nan tana da mafita kuwa, ko mutumin nan gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da riƙon maraya. Kafin komai, ka je ka shaida wa ƙanwarka a bar filin nan inda yake, kada a karɓi ko kuɗin kafin alƙalami.

Tunda yaronka na ciki, ka san yadda abin yake. Jihohi takwas gare mu a Nijar, kowace da hukumar ƙwallonta a ƙarƙashin FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Ƙungiyar da ta zama zakara a jiha ita ke fita ta kara da zakarun sauran jihohi don neman gurbi a rukunin ƙasa, daga can kuma sai babban rukuni, inda manyan ƙungiyoyi suke. Yawan masu hawa da yadda ake raba rukunoni yakan sauya, har wata shekarar sai an kusa farawa a sanar da ƙungiyoyi, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan tun ina sakataren ƙungiya. Amma tsanin yana nan, kuma ana hawansa.

Tun 1966 ake buga gasar ƙasa. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin, a 1984 Espoir ta nan Zinder ta kawo shi gida. Waɗanda suka yi wannan aiki yaran unguwanni ne irin naka, a ƙasa da tsakuwa suka koyi tamaula. Daga baya kofin ya kusan tarewa a Yamai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyoyin soja, jandarma, 'yan sanda, duwan, Nigelec (kamfanin wutar lantarki) da Sonidep (kamfanin man fetur) suna da hukuma a bayansu mai biyan albashi da kuɗin mota. Mu kuwa tafiya ɗaya zuwa Yamai kusan kilomita 900 ce, sau da yawa daga aljihun ɗan kasuwa guda. Shi ya sa ɗan wasanmu da safe yana kabu-kabu ko ɗinki, da la'asar yana atisaye. Wannan ɓangaren mutumin naka bai yi ƙarya ba, gasar jiha ba ta ciyar da gida. Sai dai manyan ƙungiyoyin nan daga ina suke ɗebo 'yan wasa? Daga jihohi, a wasannin neman hawa da na kofin ƙasa. Abin da suke fara tambaya kuma shi ne lasisi.

To bari in zo kan abin da ya sa na amsa wasiƙarka kafin sauran, wato rage shekaru. Babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ba. Uba ya zo da ita, mai horarwa ya zo da ita, har malamin lakwal na taɓa ji yana cewa ai kowa haka yake yi, shekarun ƙwallo daban na haihuwa daban. Wallahi na gaji da jin ta.

Ka dubi lissafin mutumin da kyau. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai cika 18 ba daga ƙasarsa zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a 'yan wasu halaye ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Yaronka yau yana da 19. Duk ƙungiyar da ta so shi, a Kano take ko a Tunis, tana iya ɗaukarsa gobe ta hanyar doka, hukumarmu ta aika takardar canjin sheƙa. Ranar da aka mai da shi ɗan 15, ƙofar da take buɗe an rufe ta shekara uku, kuma da kuɗin gadonsa aka sayi kwaɗon. Wanda ya san aikin ba zai taɓa kawo wannan shawara ba. Ko dai bai san dokar ba, ko ya sani sarai, jakar 400 ɗin ce kawai a gabansa.

Sannan shekara uku yana da lasisi. Sunansa, hotonsa da ranar haihuwarsa suna rubuce. Zamanin da ake tara katuna a kwali, gara ta cinye, kowa ya huta, ya wuce, don FIFA ta wajabta wa hukumomin ƙasashe rajistar 'yan wasa a kwamfuta, kowa da lambarsa. In ya dawo da sabuwar takarda, ɗayan biyu ne: a ga mutum guda da ranar haihuwa biyu, ko a canza masa suna gaba ɗaya ya zama wanda bai taɓa buga wa kowa ba. Maraya a cire masa sunan ubansa saboda tamaula? Ina roƙonka, Malam, ka tsaya ka auna wannan. Takardunsa na lakwal ma sun tashi aiki, domin ranar da ke jikinsu ta saɓa da ta fasfo. Ƙirƙirar takardar hukuma kuma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma wanda ya je gaban alƙali ya ba da shaidar zur shi za a fara nema. Dillali ba ya sa hannu a komai.

Sai ka ji an ce ai ba a ganewa. Ana ganewa. Tun 2009 ake sa 'yan ƙasa da 17 a na'urar asibiti ta IRM, mai hango cikin jiki, a ɗauki hoton wuyan hannu. Akwai wata gaɓa a ƙashin wurin da take haɗewa in girma ya kammala, kuma babu alƙalamin da ke buɗe ta in ta haɗe. Aske gemu ba ya taɓa ta, rubutun sha ba ya taɓa ta, maganin da wasu ke sayar wa yara wai yana tausasa ƙashi cuta ce tsagwaronta. Gab da wata gasa ta farkon 2023 Kamaru ta gwada yara 30 da ta kira, 21 suka faɗi. Ba ma sai mun je nesa ba. A 2009, a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Aljeriya, yaranmu sun riga sun sami gurbin zuwa kofin duniya da za a yi a Najeriya, nan maƙwabta, aka kore mu kan batun shekaru aka ba Malawi. Sai a 2017 muka taka wannan mataki, a Indiya, muka ci Koriya ta Arewa har muka tsallake rukuni. Shekara takwas muna jiran abin da ya riga ya shigo hannu.

Ko a ce an tsallake duk wannan, ɓarnar da ta fi damuna a fili take. Ƙato ɗan 19 a cikin 'yan 15 zai yi ta ture su, a yi ta tafa masa, shi kuwa ba abin da yake koyo, don ba wanda ke matsa masa. Ranar da ya haɗu da tsararsa sai a ga babu komai. Na ga irinsu sun dawo suna zaune a fada, takarda na cewa 22, gwiwa na cewa 30. A gefe guda kuma yaro na gaskiya ɗan 15 daga Mirya ko Magariya, wanda gurbin nasa ne, an mai da shi gida ko an karya masa ƙafa a karon da bai dace a sa shi ba. Wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye mu. Muna sallah sahu-sahu, sai mu fito mu rantse da Alƙur'ani kan ranar haihuwar da muka san ungozoma ma za ta ƙaryata. Masu sa hatimi a irin waɗannan takardu don ɗan na goro, su ma su ji tsoron Allah.

Akwai ma asarar da ƙungiyoyinmu ba su lura da ita ba. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23, kuma da tarihin lasisi ake bin sawu. Duk yaron da aka goge wa tarihi, ƙungiyar unguwar da ta saya masa takalmin farko ba za ta ga ko dala ba.

Game da mutumin, abu biyu za ka nema a wurinsa. Lambar lasisinsa ta wakilin 'yan wasa, wadda tun 2023 sai an ci jarrabawar FIFA ake samu, kuma ana iya duba sunan mai ita a intanet. Sai wasiƙar gayyata daga ƙungiyar da yake faɗa, mai ɗauke da sunan yaron na gaskiya da shekarunsa na gaskiya. Ka kuma sani dokar FIFA ta hana a karɓi kuɗi domin gwajin ɗan wasa. In ya kawo su, kada ka yanke komai kai kaɗai, ku tafi tare ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a tantance. In ya fara cewa lokaci na ƙurewa, jirgi jibi ne, ka yi masa sallama.

Yaron kuma ya sabunta lasisinsa na bana da sunan ubansa, ya riƙe kwafi a gida. A samu mai waya mai kyau ya ɗauki cikakkun wasanninsa uku ko huɗu, minti 90 ba yankakke ba, mai horar da shi ya tura wa ƙungiyoyin rukunin sama kafin a buɗe rajista. Ya kuma riƙe sana'arsa ta safe. In kun zo filin wasa ranar Lahadi ku neme ni, ina so in ga yadda yake karɓar ƙwallo da ƙafar hagu.